Koyon takobi da mashi irin na kakanni: wasa ne ko hanyar daba?

Ɗan Kachako:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah tambaya gare ni amma kar a yi min dariya. Akwai wanda ya san inda ake koyar da riƙon takobi da mashi da garkuwa a yankin nan namu, koyo na gaske, da malami da ɗalibai? Dalili kuwa kwanan nan na faɗa kallon wasu bidiyo na Turawa a YouTube, mutane ne manya da aikinsu da iyalinsu, da yamma sai su taru a wani ɗaki su sa hula mai ragar ƙarfe su ɗauki dogayen takubba marasa kaifi su yi ta gwabzawa, ga alƙali ga maki, har gasa suke yi ƙasa da ƙasa. To abin da ya tsaya min a rai shi ne mu da muke da abin a gida, takobin kakanmu yana nan rataye a ɗakin Baba, ba mai taɓa shi sai in za a yi hawa a zo a ara a dawo da shi, kuma kaf gidanmu ba wanda zai ce maka ga yadda ake sara ga yadda ake karewa. Ni da wasu abokaina muna son mu fara in an gama girbi tunda lokacin zaman banza ya fi yawa. Ta ina za mu ɓullo wa abin?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Yaro, ka nemi sana'a. Mu da muke kasuwa a birni mun san abin da ƙarfe a hannun matashi yake nufi, kullum ana ƙwace wa mutane waya da wuƙa da ɗan bida, unguwa da unguwa ana sare-sare, kai kuma kana zaune lafiya a ƙauye za ka tara samari ka koya musu sara? Duk wanda ka gani a daba da wasa ya fara, daga farauta ne, daga gangi ne, daga rakiyar hawa ne. Wallahi ranar da aka fasa wa ɗan wani kai sunanka za a fara kira a caji ofis.

Ɗan Kachako:
Kawu ai ina da sana'ata, cajin waya nake yi kuma ina noma. Ba sara nake son koya wa kowa ba, abin kakanni nake son kar ya ɓace

Baban Ummi:
Kowa haka yake cewa da farko.

Maƙerin Gaya:
Kafin a yi nisa, Ɗan Kachako turo hoton takobin mu gani, ka zare shi ka ɗauko wajen gindin ruwan kusa da ƙota. Don da yawan abin da mutane suke ajiyewa suna cewa na kaka da kakanni ne, na ado ne da aka saya a Kurmi, in ka sari icce da shi lanƙwashewa zai yi ya zauna a haka.

Ɗan Kachako:
Ga shi nan Baba. Akwai wasu layuka guda uku a tsakiya da wani zane kamar jinjirin wata guda biyu, amma tsatsa ta ci wajen bakin.

Maƙerin Gaya:
Kai! Wannan ba na ado ba ne. Ka ga layukan nan uku da aka ƙwaƙule, rage nauyi suke yi ba tare da ƙarfen ya yi rauni ba, masu cewa wai hanyar jini ce labari ne kawai. Ka duba bakinsa ba tsini, a zagaye yake, saboda takobinmu na sara ne daga kan doki, ba na suka ba, suka aikin mashi ne. In ka ɗan danna shi a ƙasa a hankali zai ranƙwafa, kana saki ya dawo daidai, to nan ake gane ƙarfen kirki. Roƙona ɗaya dan girman Allah kar ka kai shi gurin masu injin wasa wuƙa a kasuwa, cinye shi za su yi, zanen ya tafi, zafin dutsen kuma ya kashe ƙarfen. Ka sami man keken ɗinki ka shafa ka bar shi ya kwana, ka bi shi da tsumma da toka mai laushi, in ta kama da sanfefa mafi laushi da za ka samu, a hankali. Kuma ka daina barin sa cikin kube duk damina, fata tana riƙe laima, ita ce ta jawo tsatsar nan. Kuben ka kai wa baduku ya duba ɗinkin da hamilar. Sannan magana ta gaskiya, ba da wannan ake koyo ba. Wannan ajiya ce.

Malamin Tarihi BKD:
Masha Allah, Baba maƙeri ya gama magana. Bari in ɗan ƙara. Irin wannan ruwan takobi da yawansu ba a nan aka ƙera su ba, daga Solingen ta ƙasar Jamus ake kawo su, su ratso sahara ta Tarabulus, a nan sai maƙera da dukawa su yi musu ƙota da kube. Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi wajen 50,000 a shekara. Daga baya maƙeranmu suka riƙa buga irin zanen watan a nasu, don haka zane kaɗai ba ya tabbatar da na waje ne. Sulke da lifidi da kwalkwali kuwa Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo su. Ka ga ana maganar sama da shekara 600. Kuma ku mutanen Takai ba baƙi ba ne a harkar, garin Takai ne sansanin Yusufawa, wato ɓangaren Yusufu, a yaƙin basasar Kano na 1893 zuwa 1895, kafin nan kuma Ningawa sun daɗe suna kawo hari kudancin Kano tun zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, shi ya sa garuruwanmu na nan suke da ganuwa. Ba mamaki takobin nan ya ga wani abu daga ciki.

Matsalar da za ka ci karo da ita ɗaya ce, kuma babba ce. An rubuta sunayen sarakuna da jarumai da inda aka gwabza, an yi musu kirari da waƙa, amma yadda ake taka ƙafa da yadda ake juya hannu a jiki yake, uba ya nuna wa ɗa, barde ya nuna wa yaronsa. Da Turawa suka ci Kano a 1903, aka kashe Waziri Ahmadu a Kwatarkwashi, aka yi yaƙin Haɗeja a 1906 inda Sarki Muhammadu ya yi shahada, sai aikin takobi ya ƙare. Wanda ya iya ya tsufa ya mutu, ɗansa ya gaji ƙarfen bai gaji hannun ba.

Na Jamus:
Salam. Ni ina karatu a nan kuma ina zuwa irin kulob ɗin da Ɗan Kachako ya gani, HEMA suke ce masa. Abin da zai ba ku mamaki su ma nasu mutuwa ya yi murus, ba wanda ya gada daga kakansa. Tsofaffin littattafai suka tono. Mafi tsufa an rubuta shi a Jamus wajen shekarar 1300, yanzu yana gidan adana makamai na Leeds a Ingila, zane ne na wani limamin coci yana koya wa ɗalibinsa takobi da ƙaramar garkuwa, a shafukan ƙarshe har da mace a ciki. Akwai na wani Ba'italiye Fiore na wajen 1410, akwai koyarwar wani malamin takobi Bajamushe Liechtenauer da aka tsara a baitoci don a haddace. Daga shekarun 1990 da intanet ta zo sai mutane suka riƙa ɗora hotunan shafukan, a karanta, a gwada da abokin wasa, a yi musu, a sake gwadawa. Har babbar gasa sun sha yi a Gothenburg ta ƙasar Suwidin.

Amma kar bidiyo ya ruɗe ku. Abin da kuke gani na gwabzawa ƙarshen abin ne. Sabon shiga watanni zai yi yana koyon taku kawai, gaba, baya, gefe, da yadda zai auna tazarar da ke tsakaninsa da abokin karawa, da takobin roba ko na katako a hannunsa. Ni da na je na ɗauka takobi abu ne mai nauyin tsiya, ashe dogon nan na hannu biyu ma kilo ɗaya da rabi ne ko ƙasa da haka, ba ƙarfi ake nema ba, duk wanda ya zo da ƙarfi shi ake fara taɓawa don kafin ya ɗaga ya sauke an riga an shiga jikinsa. Kuma ba a yarda ka fuskanci kowa ba sai da hular raga, da abin kare maƙogwaro, da riga mai kauri, da safar hannu mai tauri. Wanda ya fusata a fili malami zai ce ya ajiye ya je ya zauna, in ya maimaita an sallame shi ke nan.

Baban Ummi:
To ka ji. Can akwai doka akwai asibiti akwai inshora. Nan fa? Wa zai ce wa ɗan wani ajiye ka je ka zauna ya ji?

Na Jamus:
Kawu ai a gidan dambe ana rabawa kuma ana ji. Sarkin dambe in ya shiga tsakani ba mai ƙara naushi. Ba Turawa ne suka koya mana wannan ba

Maman Khalifa:
Ni dai da nake aiki a ƙaramin asibiti ina roƙonku da Allah, duk abin da za ku yi ku tuna da ido da yatsu. Lokacin kaka da sallah mu muka san abin da muke gani, ɗinki a ka, karaya a hannu, wani an tsokane masa ido da kara kawai ba ma ƙarfe ba. Kuma mai tsatsa in ya yanke ka ba ruwansa da kakanka ne ya bari, allurar tetanus za ka nema. Amma tsakani da Allah in da tsari ni ban ga laifinsa ba, ya fi zaman bakin titi ana shaye-shaye. Na Jamus ka ce har da mace a littafin? To a sa ni a layi hhhh

Jikan Sarkin Baka:
Hajiya in kin shigo ai mu guduwa za mu yi.

Ni inda na ɗan saɓa da Malam shi ne cewa hannun ya tafi gaba ɗaya. Na takobi wataƙila, amma kwari da baka yana nan da ransa a gurin maharba, ni a hannun kakana na koya a nan wajen Gwaram kuma har yau akwai tsofaffin da in suka ɗana kibiya ba sa kuskure. Kuma a yaƙin da ma ai dakaru 'yan baka sun fi mahaya yawa nesa ba kusa ba, doki da sulke na masu hali ne da bayin sarki, talaka bakansa ne da kwarinsa. Kibiyarmu da kyauro ake yi, ba a sa mata gashin tsuntsu irin ta Turawa, shi ya sa ba a harbin nesa sosai da ita, maharbi matsowa yake yi. Abin da yake kisa dafin ne, na kwankwani, shi kuma ba abin da ya haɗa mai koyo da shi, kar ma wani ya tambaye ni. Yadda aka fara min, baka mai laushi aka ba ni da kyauro ba ƙarfe a baki, aka jingina buhu cike da ƙaiƙayi a jikin katanga, taku goma. Abin da ya fi wuya ba ja ba ne, saki ne, in ka fizge yatsu tsirkiya ta doki hannunka kibiya ta tafi gonar wani. Kakana ba ya magana da yawa, in na yi ba daidai ba sai ya taɓa gwiwar hannuna da sanda ya ɗaga ta sama kaɗan, shi ke nan. Ɗan Kachako in da gaske kuke ku fara da wannan, shi ne wanda malamansa suke raye.

Ɗan Kachako:
Yaya wallahi ina so, amma gaskiya zuciyata tana kan takobi da garkuwa

Ɗan Ardo:
Kai ma dai. Ka iya sanda tukunna? Mu tun muna bin shanu muke wannan abin da kuke kallo a waya. Yaro ɗan shekara goma a ruga ya san yadda zai kare kansa da sanda, ya san in an kawo ta sama ya tare, in an kawo ta ƙafa ya ɗauke ƙafar, ya san kar ya bar yatsunsa a inda sandar wani za ta zamo ta same su. Ba wanda ya rubuta mana a littafi. Ka zo ruga da yamma in haɗa ka da ƙanena, in ka taɓa shi sau ɗaya na ba ka ƙwaryar nono kyauta

Na Jamus:
Wallahi Ɗan Ardo ya faɗi gaskiya, abin da ya lissafa shi ne darasin farko da ake biyan kuɗi a koya a nan. Kuma a Masar wasan sandarsu da suke kira tahtib sun tsara shi sun yi masa dokoki har UNESCO ta sa shi a jerin al'adun duniya a 2016. Japanawa ma da takobi ya daina aiki ai da tsagaggiyar gora ɗaurarriya suka ci gaba da wasan takobinsu na kendo. Akwai ma baƙaƙen fata a Amurka da suke ƙoƙarin farfaɗo da faɗan takobin Afirka har da irin namu, daga bidiyon raye-raye da wasan sanda suke tsinto abin, alhali mu ga shi a bayan gida.

Malamin Tarihi BKD:
Na karɓi gyaran Jikan Sarkin Baka ta ɓangaren baka. Kuma maganar raye-raye ta tuna min, ku kalli rawar takkai da kyau in ana yi, samari a da'ira kowa da sandarsa, ka juya ka haɗa da na gabanka ka juyo ka haɗa da na bayanka a kan kiɗa, wanda ya makara a ka zai ji. Ba ina cewa ita ce horon yaƙin da ba, kar a ce Malam ya ce. Amma taku da lura da lokaci suna ciki. Sai dai ina jan kunne a kan abu ɗaya, duk abin da kuka harhaɗa daga sanda da rawa da bidiyon Turawa ku kira shi da sunansa, ƙoƙarinku ne na yau. Kar gobe wani ya buɗe shafi ya ce ga asalin yadda Barden Kano yake faɗa a zamanin Rumfa. Ƙaryar tarihi ta fi rashin sani illa.

Ustaz Kiyawa:
Assalamu alaikum. Na ga ana ta magana ba a taɓo ɓangaren addini ba. Asalin abin halal ne, har ma ana so. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Habashawa sun yi wasa da masu a cikin masallacin Annabi SAW ranar idi, Nana A'isha tana kallo ta bayansa, da Sayyadina Umar ya so ya hana su aka ce ya ƙyale su. A Muslim kuma an fassara ƙarfin da Alƙur'ani ya ce a tanada da harbi, har sau uku. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu 751 bayan hijira, littafi guda ya yi a kan sukuwa da harbi da gasa. Amma addinin da ya halatta shi ne ya sa iyaka. An hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, don bai sani ba ko shaiɗan ya fizgi hannunsa. An hana miƙa wa wani takobi a zare. An ce wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe bakinsu kar ya ji wa wani. To ku auna da abin da ake yi yanzu a bayan hawa, yaro ya sha abin da ya sha yana wulwula adda a tsakiyar mata da yara. Wannan ba shi da alaƙa da abin da Habashawa suka yi. Sharaɗina uku ne, ba caca, ba layu da surkullen tauri, kuma in an kira salla a ajiye.

Jikan Sarkin Baka:
Allah gafarta Malam, maganar tauri a bar ta kawai don in aka buɗe ta ba za a kwana lafiya a gidan nan ba

Maman Khalifa:
A buɗe mana. Ni na ɗinke masu maganin ƙarfe da hannuna, allurar ma ba ta ƙi shiga ba

Admin:
Jama'a a tsaya a kan batu dan Allah. Duk wanda ya turo bidiyon 'yan tauri zan goge.

Mai Doki Ringim:
Ni ina hawa duk sallah a tawagar hakiminmu kuma na taɓa sa sulke, bari in gaya muku abin da ba a gani a hoto. Rigar nan wajen kilo goma ce, duk nauyin a kafaɗa yake sauka sai ka ɗaure ɗamara a ƙugu ya ɗan rabu, a ƙarƙashi kuma dole ka sa riga mai kauri in ba haka ba zoben zai ci fatarka, ga rana ta gasa ƙarfen. Tsohon sulke na gaske in ka duba kowane zobe da 'yar ƙusarsa aka dashe bakinsa, na yanzu da ake yi don ado lanƙwasa waya kawai ake yi, da hannu ma sai ka buɗe shi. Lifidi kuma audugar rimi ake cusawa a ɗinke, doki da mahayi duk a lulluɓe, kibiya ta shiga ta maƙale ba ta kai fata ba, amma dokin ba ya iya dogon gudu da shi, kuma abin da ɗan lifida ya fi tsoro wuta ce. To ka haɗa wannan da linzami da garkuwa a hannun hagu, mashi a dama, takobi a rataye a kafaɗa, kana sarrafa doki da gwiwa da ƙaimi. Mu yanzu gaisuwa kawai muke yi, mu zaburo mu ja linzami a gaban sarki mu ɗaga hannu, a hakan ma wani sai ya faɗo. Ina jin daɗi da UNESCO ta karɓi hawan Kano a 2024, amma in za a faɗi gaskiya kayan muke nunawa, yawancinmu in aka ce ga kabewa a kan turke sare ta a guje, sai dai a yi dariya. In kuka fara ni zan zo, ko don in san abin da nake ratayawa.

Baban Ummi:
Duk na ji, kuma Ustaz ya fi ni sani. Amma ba wanda ya amsa min tambayata. Kun tara yara ashirin a bayan gari da sanduna, na ashirin da ɗaya ya zo da gariyo a cikin riga saboda yana da haushin wani a kan budurwa ko kan siyasa, wa zai tare shi? Kuma lokacin zaɓe in ɗan takara ya ji akwai samari da suka iya sara a gari kaza, kuna tsammanin ba zai aiko da mota da kuɗi ba? Ku ba ku san yadda ake ɓata yara ba ne. Jami'an tsaro ba a banza suke hana gangi da yawo da makami lokacin sallah ba.

Malamin Tarihi BKD:
Alhaji wannan tambayar ita ce ta gaske, kuma ba na jin akwai amsar da za ta rufe ta ruf. Abin da zan ce, ɗan daba ba ya buƙatar wata uku yana koyon taku, ranar farko zai gaji ya tafi, don shi abin da yake nema ya afka wa wanda ba shi da komai a hannu. Amma maganar 'yan siyasa gaskiya ce, na ga ƙungiyar ƙwallo ma da aka mayar 'yan jagaliya. Don haka in za a yi kar a yi a ɓoye a bayan gari. A je gurin mai gari a gaya masa, shi ya sanar da dagaci da hakimi, a kai takarda ofishin 'yan sanda na yankin da sunan kowa da sa hannun mahaifinsa. A yi a filin firamare da rana tsaka inda kowa zai gani. Dattijo ya zama shi ne shugaba, ba sa'anku ba. Ƙarfe kuma ko na yankan farce kar ya shigo filin.

Baban Ummi:
In dattijo ne a gaba kuma mai gari ya sani, to da sauƙi. Amma ɗana ba zai je ba.

Maƙerin Gaya:
Ni ma ba zan ƙera wa kowa na ƙarfe ba ko mara kaifi ne, don sifirin ɗin mota da muke aiki da shi in ya karye tsalle yake yi, kuma mara kaifi a hannun wani dare ɗaya ne ya zama mai kaifi. Ku je gurin masassaƙi ya fafe muku na icce, aduwa tana da ƙwari, a yi shi tsawon na kakanka, baki a zagaye, a goge shi sumul kar sartse ya shiga hannu. Wannan na koyon sara a iska ne da dukan turke. Na karawa da juna kuwa fayif ɗin roba na ruwa za ku samu ku naɗe da soson katifa ku bi da salatif. Garkuwa ta da da fatar warwaji ake yin mai kyau, yanzu ina za ka gan shi, ku yanka tsohuwar robar duro ku sa mata maɗauri ta ciki.

Na Jamus:
Baba ya kawo shawara. Ƙari ɗaya, hular kwano ta babur tana kare kai amma gilashinta ba abin yarda ba ne, a sa wa gaban ragar ƙarfe mai ƙananan ido gurin mai walda, kuma a hana suka a fuska gaba ɗaya har sai an sami hular gaske. Safar hannu ta masu walda a cusa mata soso ta bayan yatsu. Zan ɗauko muku bidiyon taku na farko in yi bayani da Hausa in turo, amma ku fara zuwa gurin su Ɗan Ardo, abin da za ku gani ido da ido ya fi nawa.

Jikan Sarkin Baka:
Kuma ku yi sauri da tsofaffi. Akwai wani dattijo a ƙauyen da ke gaba da namu, mahaifinsa yaron barde ne, in yana ba da labari har tashi yake yi da sandarsa ya nuna yadda ake sa garkuwa a kafaɗa a leƙo ta gefenta a kawo sara ta ƙasa wajen agarar doki. Ya haura tamanin kuma ba ya jin magana sosai. In za ku zo ku zo da goro da ɗan abin sayen shayi, ku nemi izininsa kafin ku ɗauke shi a waya, ba ya son a tsaya masa a ka.

Ɗan Kachako:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Yau da daddare zan sami Baba da maganar, in ya yarda shi zai kai mu gurin mai gari. Yaya zan kira ka mu sa ranar zuwa gurin dattijon, ranar da ba kasuwa. Ɗan Ardo ka ce wa ƙanen naka ya yi min a hankali

Ɗan Ardo:
Ba ruwana, ka zo da hular kwanon

Mai Doki Ringim:
Baba maƙeri nawa masassaƙi zai yi guda ɗaya in mutum ya kawo iccensa? Ina son biyu, ɗaya ɗan gajere na yarona.

Maƙerin Gaya:
Sai na tambaye shi ranar Juma'a in mun haɗu a Wudil. Ka auno min tsawon hannun yaron daga kafaɗa zuwa yatsa ka turo.